Gwangwanin Baba Dogo

Barnawa, Kaduna
Ranar Alhamis

Hannatu 'yata,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji wanda ya nuna mana wannan mako muna raye. Ina roƙonsa ya raka ki daga ƙofar gidan nan har ƙofar gidan da za ki, ya tsare ki daga ciwo da haɗarin hanya, ya kuma tsare ki daga irin bakin mahaifiyarki. Zan sa wasiƙar nan a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa. Kafin ki gan ta, biki ya watse, kin zama matar Yakubu.

Na san za ki yi dariya. Daga Barnawa zuwa Kakuri bas ɗaya ne, mene ne na wasiƙa? Na san halina ne. In na zaunar da ke don in yi miki nasiha, ba za a yi minti biyar ba na koma faɗa a kan yadda kika ɗaura ɗankwali. Takarda ba ta ɗaga murya. Babanki ya ce in na gama in karanta, in soke duk inda na zagi wani. Na soke wuri huɗu. Sauran ki yi haƙuri da su.

Kek ɗin aurenki yana kan tebur yanzu haka, hawa uku, na rufe shi da farin mayafi. Jibi za a yanka. Tun safe nake zagaya shi kamar ban taɓa ganin kek ba. Rabona da in ji ƙirjina ya yi sakayau haka, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kin san wani ɓangare na dalili, tunda ke kika tono shi. Amma ba ki san farkonsa ba, kuma ya kamata ki sani, domin gidan matar da na yi wa laifi za ki zauna.

Na koyi kek ina 'yar makarantar kwana, wajen kukun makarantar, wani tsoho da muke kira Baba Dogo. Ba shi da tanda irin ta Turawa. Babbar tukunya yake samu, ya zuba wankakken yashi a gindinta, ya ɗora a kan gawayi har yashin ya yi zafi, ya sa kwanon kek a kai, ya rufe, ya zuba garwashi a kan murfin. Haka kika taso kina ganin ina yi, kuma haka zan ci gaba, domin masu wutar lantarkin garin nan ba su taɓa barin kek ɗin kowa ya nuna ba. Ranar da na gama makaranta ya ba ni gwangwanin madarar da yake auna fulawa da shi. Ya ce, "Rahila, huɗu na wannan. Kada ki danna, kada ki tula."

Kuskurena na farko ƙarami ne, amma na daɗe ina yinsa. Ba ni da haƙurin barin murfi a rufe. Da na ji ƙamshi sai in ɗaga in leƙa, iska ta shiga, tsakiyar kek ɗin ta faɗa kamar an zauna a kai. Baba Dogo ya sha buga min muciya a bayan hannu. Na daina yi wa tukunya, amma ban daina yi wa mutane ba. Babanki mutum ne da in abu ya dame shi yakan yi shiru kwana biyu kafin ya faɗa. Ni kuwa sai in bi shi ɗaki, in bi shi tsakar gida: mene ne, wa ya ɓata maka rai, ni ce ko? Kafin ya gama tunaninsa na riga na ƙirƙiro masa laifi uku, mun yi faɗa a kan dukansu, abin da ya dame shi na gaske kuwa ba a taɓa shi ba. Na lura Yakubu ma mai shiru ne. In ya yi shiru, ki ajiye masa abinci, ki kama aikinki. Zai zo da kansa. In ya wuce kwana uku, wannan kuma ki tambaya, kuma ki tambaya da kyau, don ban haife ki ki zauna cikin duhu ba.

Yanzu maganar Asabe, wadda daga jibi za ki riƙa kira Mama.

Kin taso kina ganin in mun haɗu a coci ni da ita, ni in bi ƙofar dama, ita ta bi ta hagu. Ba ki san cewa ita ta fara yi miki wanka a duniya ba. Lokacin muna haya gida ɗaya a Kakuri, babanki da mijinta duk suna aiki a masaƙa. Na haife ki ba uwa kusa, ba 'yar'uwa. Asabe ce ta dafa min ruwa, ta gasa min jiki, ta goya ki ga Yakubu yana riƙe da zaninta yana kukan an ƙwace masa baya. Daga baya babanki ya samu aikin ma'aikata, ni na samu koyarwa a sakandare, muka dawo Barnawa. Mijinta kuwa yana cikin waɗanda aka sallama lokacin da masaƙa ta fara rage mutane. Asabe ba ta zauna ta yi kuka ba. Ta kafa garke a bayan gida ta fara kiwon aladu, da su ta riƙe yara biyar a makaranta.

Wata rana ta zo nan ta ce in koya mata kek, tana so ta ƙara sana'a, wadda za ta yi da hannu mai tsabta, in ji ta, tana dariya. Da na ce ta zo ranar Asabar mu yi tare, da duk wannan wasiƙar ba ta taso ba. Amma ni malama ce, mai littattafai har saman kabad, na yarda cewa duk abin da aka rubuta daidai ya gama zama daidai. Na yago takarda na rubuta mata da kyakkyawan hannuna: fulawa gwangwanin madara huɗu, sukari kofi ɗaya, bota kaza, ƙwai shida, bekin foda cokali biyu, gyaɗar ƙamshi kaɗan. Har na ja layi a ƙarƙashin kan maganar da jan biro, kamar ina gyaran jarrabawa.

Kin san zamanin da ake ciki. Soja ne a sama, fulawa da sukari sai an bi layi, wani lokaci a bi layin a dawo hannu biyu. Asabe ta tara kayan nan da ƙyar, ta yi kek ta kawo taron matan zumunta don su ɗanɗana su fara ba ta aiki. Aka sa wuƙa, wuƙa ta tsaya, da ƙyar aka gutsuro mana muka ɗanɗana. Wata ta ƙwanƙwasa shi da cokali, ya yi ƙara, mata suka fara dariya a cikin mayafi. Asabe ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na bi takardar Malama layi-layi. Sai dai ko akwai abin da ba ta rubuta ba."

Ni a kunnena, ta kira ni maƙaryaciya a gaban mata arba'in. Na miƙe na ce, "Na rubuta komai, Asabe. Abin da ba a iya rubutawa shi ne hannu. Hannun da ya saba dama dusar alade, ko me ya dama dusa zai fito."

Dariyar da aka yi ba ta cikin mayafi ba ce. Na zauna ina jin daɗin kaina, har ina maimaita maganar a zuciyata don ta yi min daɗin tsari. Asabe ta naɗe kek ɗinta a leda ta fita. Daga ranar ba ta sake yi min magana ba.

Ga nasihata, kuma ita ce mafi tsada da nake da ita. Kin gaji bakina, na sha jin ki da ƙannenki. Akwai lokacin da magana mai kaifi takan zo bakin mutum a shirye, a goge, har ya ji asara ce in bai faɗe ta ba. To wannan ita ce wadda za ki haɗiye. Maganar da ta zo da sauƙi haka, ba gaskiya ce ta kawo ta ba, son a yi miki tafi ne. Kuma kada ki taɓa zagin mutum da sana'ar da yake ciyar da 'ya'yansa. Aladun nan su suka biya wa mijinki makaranta har ya zama mutumin da kika ga ya isa aure.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan zamani. Gaskiya ne shekarun soja sun koya mana rufe baki a titi, sai mu dawo gida da coci muna cizon juna. Har yanzu in na tuna raina yana tafasa. Yau ga shi sun koma bariki, farar hula sun hau, mutanen da jiya suke ɗaukar wa soja jaka yau matansu ke aiko min a yi musu kek na murnar zama Onarebul, a rubuta sunan maigida da koren sukarin ado. Ina yi, ina rubutawa, ina zaginsu a cikin ciki. Amma ba soja ne ya sa magana a bakina ranar nan ba. Ni na ƙera ta.

Kuskure na uku ke na yi wa. Bayan abin Asabe na rantse ba wanda zai sake samun takardata, kuma na hana ki shiga kicin in ina kek. Nakan ce ki je ki yi karatu, ba na son ki ƙare a bakin murhu. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa, ina son a ce a duk Barnawa hannu ɗaya ne ya iya, kuma nawa ne. Cincin na bar ki ki yanka, alawar madara na bar ki ki juya, amma gwangwanin nan yana cikin kabad a kulle. Uwa tana kishin 'yarta a kan fulawa. Na rubuta, ban soke ba, ki karanta da kyau. In Allah ya ba ki 'ya'ya, mace ko namiji, duk abin da kika iya ki tsayar da su kusa da ke su gani, su ɓata, su zubar, su sake. Abin da kika kulle a kabad ba naki ba ne, na tsatsa ne.

Sai kika kawo Yakubu. Duk samarin Kaduna, sai ɗan Asabe. Kin tuna abin da na yi, ba sai na maimaita ba. Ban iya hana auren ba, don babanki ya tsaya, fasto ya tsaya, yaron kuma na neme shi da aibu ban samu ba, Allah ya sani na nema. Sai na ce to, ba zan yi kek ɗin da Asabe za ta sa a baki ba. A raina kuwa tsoro ne fal. Za ki zauna a gidanta, ki ci daga tukunyarta, ki haihu a hannunta. Kullum ina tunanin ranar da za ki ƙona miya ta dube ki ta ce, "Hannun gidan Malama ke nan?" Na san da ni ce da na faɗa. Na haƙa miki rami tun kina firamare, kuma girman kai ya hana ni in je in cike shi.

Asabar uku da suka wuce na dawo daga kasuwa na tarar da ke a bayan gida, tukunyata a kan gawayi, littafin kek ɗina a buɗe a kan kujera. Kika ce tunda na ƙi, za ki yi da kanki. Ba ki samu makullin kabad ba, sai kika wanke sabon gwangwanin madara kika auna da shi. Na naɗe hannu na tsaya ina jira ki kunyata. Kin buga bota da sukari har suka yi fari, kin fasa ƙwai ɗaya-ɗaya a ƙaramin kwano, kin tankaɗe fulawa sau biyu, ba ki ɗaga murfi ba. Ban ga kuskure ko ɗaya ba, kuma kin san idona. Da ya huce na gutsura na sa a baki.

Hannatu, kek ɗin Asabe ne. Taurinsa, bushewarsa, yadda yake manne wa dasashi. Shekara goma sha ɗaya bakina bai manta ba.

Kika ce, "Mama, kawo gwangwaninki." Na kawo don in nuna miki ba ruwan gwangwani. Kika cika shi da ruwa, kika juye a sabon. Ruwan ya tsaya can ƙasa, da sauran wuri kamar yatsa biyu. Kika kifa nawa kika nuna min: gindinsa ya lotsa ciki, bakinsa kuma an taɓa yanke shi, wataƙila Baba Dogo ya kai wa maƙeri ya cire tsatsa tun kafin a haife ni. Huɗu nawa, uku ne na kowa. Shekara talatin ina riƙe da abin nan a hannuna kowane mako, na karanta littattafan da ba zan iya ƙirgawa ba, ban taɓa kifa shi na duba ba. Asabe ta bi takardata layi-layi. Takardar ce ta yi ƙarya.

Kin ga na shiga ɗaki na rufe ƙofa, kin ɗauka fushi nake da ke. Da kaina nake.

Ba ki san yadda muka yi da Asabe ba, don na ce miki kasuwa zan je. Ranar Litinin na sa gwangwanin a jaka na hau bas. Na same ta a bayan gida, da bokiti, tana zuba wa aladu dusa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Malama, ɓatan hanya kika yi? Nan wari ne, kada ya kama miki leshi."

Na ce, "Asabe, ba ni ruwa a kofi, da gwangwanin madara in kina da shi."

"Ruwa kuma? Yau gwajin kimiyya za a yi mana?"

Amma ta kawo. Na yi abin da kika yi, a kan dakalinta. Ta dubi ruwan, ta dubi gindin gwangwanin. Ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda da ta yi laushi don naɗewa, duk tabon bota. Rubutuna ne, da jan layina.

Ta ce, "Kin san sau nawa na sake gwadawa? Duk Kirsimeti. In rufe ƙofa kada yara su gani. In ya fito da tauri in farfasa wa aladu. Har na yarda da maganarki, Rahila. Na ce hannuna ne."

Wannan ita ce ta karya ni. Na zo da jawabi a shirye, mai sakin layi uku, duk ya gudu. Na durƙusa a ƙasan nan, cikin leshin nawa, na ce, "Maman Yakubu, na yi miki ƙarya a takarda ban sani ba, na zage ki a gaban mutane ina sane. Ki yafe min. In ba za ki iya ba, ki bar shi a kaina, kada ki ɗora wa Hannatu."

Ta ce, "Tashi, kina ba aladuna tsoro. Ba su taɓa ganin malama a ƙasa ba." Sai kuma ta ɓata rai da gaske. "Wato kin ɗauka zan rama a kan yarinyar da na yanke wa cibiya? Wannan zagin ya fi na farko."

Ashe tsoron da ya hana ni sakat wata da watanni, da gwangwanina na auna shi shi ma. Na auna Asabe da halina.

Ba ta sake ni haka kawai ba, kuma ta yi daidai. Ta ce a gaban mata na faɗa, a gaban mata zan janye. Na yi, ranar taron zumunta, kina wajen tela. Na tsaya da gwangwani biyu da butar ruwa kamar mai tallan magani. Wasu da suka fi kowa dariya a wancan lokaci su ne yanzu suke girgiza kai suna cewa ai dama sun san Asabe ba ta da laifi. Nan ne ɗaya daga wuraren da babanki ya sa na soke.

In kin yi wa mutum laifi a gidan aurenki, kuma za ki yi, ki je da ƙafarki tun abin yana ɗanye. Kada ki aika, kada ki jira Kirsimeti, kada ki shirya jawabi. Inda kika yi laifin, nan za ki gyara shi. Ni na jira shekara goma sha ɗaya, abin da ya ci min duka bai wuce kuɗin bas da wankin leshi ɗaya ba.

Jiya, da kika tafi kitso, Asabe ta zo nan da yashinta da ta sa aka ɗebo daga kogi, ta ce nawa ya tsufa. Ita ta auna fulawa, ita ta buga bota, ni aikina hura gawayi. Hannunta ya fi nawa ƙarfi, botar ta yi fari cikin rabin lokacin da nake ɗauka. Da ƙamshi ya tashi na kai hannu kan murfi, ta make ni da muciya daidai inda Baba Dogo yake bugu. Da lokaci ya yi ta soka tsinken tsintsiya ya fito a bushe. Ta danna saman da yatsa, ya lotsa ya dawo. Ta juya baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa. Ni ma na sami abin yi a wajen gawayi. Saboda haka in jibi mutane sun ce kek ɗin Malama ya yi daɗi, ki gaya musu na Maman Yakubu ne.

Sauran ƙananan abubuwa. Ki wanke yashi ki shanya kafin ki sa a tukunya, in ba haka ba kek zai yi warin kogi. Kada ki fasa ƙwai kai tsaye cikin kwaɓi, ɗaya ruɓaɓɓe ya isa ya ɓata miki aikin yini. In kin yi cincin, ki aika wa maƙwabta tun yana da ɗumi, har da Hajiyar da ke kallon gidanku, ita ma za ta aiko miki da alkaki da dubulan in sallarsu ta zo. In wata ta ce ki koya mata, kada ki ba ta takarda. Ki ce ta zo da zaninta na aiki.

Na san za ki zazzage akwatin nan kina neman gwangwanin, don kin ɗauka gadonki ne. Ba ya ciki. Na bar wa Asabe, ta fi ni haƙƙi a kansa. Yana gidan da za ki, a kan kantar kicin, ba a kulle ba. Duk ranar da kike son yin kek, ki je ki ce, "Mama, a ara min gwangwani." Ta ce min za ta ba ki, amma da sharaɗin ki tsaya kusa da ita ki ga yadda ake yi.

Ubangiji ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya. Ya tsare ki da mijinki da surukarki, ya sa wutar murhunku kada ta mutu, ya kiyaye garin nan da ƙasar nan a hannun sababbin masu mulki. Babanki yana gaishe ki, ya ce wasiƙar ta yi tsawo. Ki gaida Yakubu. Ki gaida min Asabe, ki ce mata muciyar ta bar min shaida.

Ni ce mahaifiyarki,
Rahila